Keken Lantarki Ya Ƙi Tafiya: A Bi Wutar Tun Daga Tushe

Wanda keken lantarkinsa ya mutu a Ankara, babban birnin Gana, abinsa da sauƙi. Zai tura shi wurin waɗanda suka sayar masa, ko ya shiga shagon da kayan gyara ke rataye har rufi. Kamfanoni irin su Wahu ma a can suke haɗa nasu kekunan. Wanda nasa ya mutu a Chereponi kuwa, lissafinsa daban ne. Garin yana gabashin Yankin Arewa Maso Gabas, dab da iyakar Togo, kuma duk wani ɗan kayan gyara da babu shi a kasuwa sai an aika Tamale, in ba a dace ba a aika Kumasi ko Ankara, sannan ya biyo mota ta Yendi. Tsakanin Tamale da Yendi kaɗai kusan kilomita 100 ne. Idan aka yi kuskuren gano cutar, aka aika a sayo inji alhali fis ne ya tsinke, to kuɗi sun tafi, mako biyu sun tafi, keke kuma yana nan jingine a zaure kaji na kwana a kansa.

Kuskuren kuwa yana da saurin faruwa, domin yawancin fitocinmu a kan babur mai shan fetur suka koyi aiki. A wurinsu in abin hawa ya ƙi tafiya, inji ake fara zargi. Mai keke ma da abin da yake zuwa ke nan a baki: "Masta, injin ne ya ƙone." Sai a ɗauko sifana a hau kwance ƙafar baya. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, don a cikin dukan kayan keken lantarki, injin ya fi kowa jure wahala, kuma shi ya kamata a buɗe daga ƙarshe. Wannan yanki ya san ayari tun zamanin da fatake ke bi ta Sansanin Mango su sauka Yendi su wuce Salaga neman goro, kuma duk madugun kirki, in jaki ya tsaya, kofato da ɗaurin kaya yake fara dubawa kafin ya ce dabba ba ta da lafiya. Haka za mu yi.

Sai dai kafin nan, ya kamata a san yadda abin yake aiki, domin wanda bai san hanya ba, ba zai gane inda ta toshe ba.

Yawancin kekunan da ake kawowa, injinsu a cibiyar ƙafar baya yake, wancan kumburin ƙarfe da ke tsakiyar gargare. Dabarar tsohuwa ce. Tun 1895 wani Ba'amurke mai suna Ogden Bolton ya yi rajistar keke mai inji a cikin ƙafar baya. A ciki abu biyu ne manya: naɗin wayar jan ƙarfe da ke maƙale da aksul ba ya motsi, da jerin maganaɗisu da ke zagaye da shi. Naɗin kashi uku ne, shi ya sa wayoyi uku masu kauri ke fitowa daga injin, galibi rawaya da koriya da shuɗiya. In aka ba kashi na farko wuta sai ya jawo maganaɗisu, a yanke a ba na biyu ya ƙara jawowa, a ba na uku, a koma na farko, da haka ƙafa take juyawa. Mai wannan rabon wuta ita ce kwantirola, wani ɗan akwatin alminiyam da ake ɓoyewa a ƙarƙashin sirdi ko kusa da batir. Ita kuma ba ta ganin cikin inji, don haka aka dasa mata 'yan rahoto uku ƙanana a tsakanin naɗin, waɗanda ake kira sensar Hall, da sunan Edwin Hall da ya gano tushen aikinsu a 1879. Su ke gaya mata inda maganaɗisu yake a kowane lokaci, ta wasu siraran wayoyi biyar. Totur yana gaya mata yawan wutar da mahayi ke so, birki kuma yana gaya mata ta yanke. Ke nan wuta tana tashi daga batir, ta bi ta fis da makulli, ta shiga kwantirola, ta ƙare a inji. Ta wannan hanyar za mu bi ta, gaɓa bayan gaɓa.

Aikin farko ba ya buƙatar ko sukudireba. A zaunar da mai keke a tambaye shi yadda abin ya faru. "Malam, fat ɗaya ya ɗauke, ko ya daɗe yana ja da baya? Ruwa ya doke shi? Ka faɗi da shi? Me ka ɗora masa ranar? Ka ji ƙauri?" Keken da ya mutu murus, ko fitila ba ta kamawa, maganarsa tana wajen batir da fis. Wanda fitila da allonsa ke kamawa amma ƙafa ba ta ko motsi, a nemi birki da totur da kwantirola. Wanda ke karkarwa yana gurnani kamar zai tashi ya kasa, wayoyin inji ne ko sensa. Wanda kuma ake jin inji na juyawa a ciki fiii amma keke na tsaye, giya ce. Mai tafiya lafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya ya ɗauke a hawa, ya dawo in an kashe an kunna, kusan kullum batir ne ya gaji. Wannan hirar ta minti biyar tana rage rabin aiki.

Kayan aiki ɗaya ne ba makawa, wato mitar awon wuta, irin wadda masu gyaran rediyo da wayar hannu ke amfani da ita. Ba ta da tsada. In fita ba shi da ita, ya taka wurin mai gyaran waya ya aro shi tare da mitarsa, domin gaskiya wannan sana'a rabinta ta fita ce, rabinta ta mai gyaran waya. A cire zobe da agogon ƙarfe kafin a taɓa batir. A kuma ɗaga ƙafar baya ta bar ƙasa, a kan jak ko a rataye da igiya, don kada keke ya zabura ya shiga rumfar mai koko.

A fara da batir, a kuma daɗe a kansa, don nan ne gidan yawancin matsaloli. A juya mita zuwa awon wutar batir, a kan 200, a ɗora jan tsinke a jar waya, baƙi a baƙa. Batirin litiyam da aka rubuta wa bolt 36, in ya cika yana nuna 42, in ya sauko wajen 30 ko 31 ya ƙare. Mai bolt 48 yana cika a 54.6, kuma kwantirola kan yanke masa in ya sauko wajen 40 zuwa 42. Dalilin waɗannan lambobi shi ne a cikin akwatin ƙananan batura ne aka jera, sahu 10 a na 36, sahu 13 a na 48, kowane sahu kuma yana cika a 4.2. Saboda haka in batirin 48 ya kwana a caji ya wayi gari yana nuna 46, bai cika ba, komai koren da fitilar caja ke nunawa. A nan sai a auna bakin cajar ita kanta, a gwada da lambar da ke rubuce a bayanta. Caja tana mutuwa fiye da yadda ake zato, musamman inda wutar kamfanin lantarki na NEDCo ke ɗaukewa tana dawowa, ko inda ake caji da ƙaramin janareta mai hawa da sauka.

Idan mita ta nuna sifiri ko wata 'yar lamba marar kan gado, kada a yi saurin yi wa batir sallar gawa. A cikinsa akwai wani allo mai gadi, wanda ke rufe ƙofa in sahu ɗaya ya yi ƙasa da yawa ko an ja wuta fiye da kima. Wani lokaci jona caja na ɗan lokaci yana sa ya buɗe.

Amma awon batir yana hutawa rabin gaskiya yake faɗa. Batirin da ya tsufa kamar rijiyar rani yake: ka leƙa ka ga ruwa, ka zura guga biyu ka taɓo laka. Don haka a ɗaure mita a kan keken, tsinkayenta na jone, mutum ya hau ya murɗa totur a ɗan hawa yana kallon lamba. Saukar bolt biyu zuwa huɗu ba komai ba ce. In kuwa lamba ta faɗo daga 53 zuwa 41 nan take, keke ya ɗauke, sannan ta koma sama da aka saki totur, to an kama ɓarawo, kuma inji ba shi da laifi ko kaɗan.

Kekuna masu araha da yawa batirin dalma suke ɗauke da shi, guda huɗu masu bolt 12 a jere. Waɗannan a auna su ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayye da ya cika ya huta yana nuna wajen 12.7 zuwa 13. A murɗa totur ana awo, wanda ya faɗo ƙasa da 10.5 alhali 'yan'uwansa na tsaye, shi ne mai jan sauran ƙasa. Ana iya canza shi shi kaɗai don a samu a ƙarasa wata, amma sabo a cikin tsofaffi ba ya daɗewa, gara a tara kuɗi a canza su gaba ɗaya. Kuma kada a kuskura a jona cajar batirin dalma a na litiyam don kawai bakinsu ya yi daidai; ta fi ƙarfinsa, kuma ƙarshen abin gobara.

Zafi ma yana da nasa hannun. A watan Maris da Afrilu rana a wannan yanki tana haura digiri 40, kuma batirin litiyam ba a so a yi masa caji in zafinsa ya wuce 45. Wanda ya dawo daga gona da azahar ya jona batir yana tururi, a ɗakin kwano, yana rage masa kwana da hannunsa. A bar shi ya huce a inuwa tukuna. Batirin da ya kumbura, ko yake wari mai zaƙi-zaƙi, ko yake zafi ba a amfani da shi, a fitar da shi tsakar gida nesa da danni da buhunan hatsi, kada yaron shago ya ce zai fasa ya gani.

In batir ya tsira, a bi jar wayar gaba. Fis yana kusa, wani a jikin akwatin batir, wani a kan waya. A cire shi a gwada da mita a wurin da take yin ƙara in hanya a buɗe take, don ido yana ruɗi. In ya tsinke a sa mai lamba irin tasa. Al'adar nan ta naɗa zaren waya a madadin fis ita ke mayar da asarar kuɗi kaɗan ta zama asarar kwantirola. Daga nan makulli, sannan bakin kwantirola: lambar da aka gani a batir, ita ya kamata a gani a nan in an kunna. In ta ɓace a tsakani, matsalar tana tsakanin nan da can, kuma an gama da maganar inji.

Sai mahaɗan waya, waɗanda a ƙasarmu su ne marasa gata. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga kowace kafa, da damina ta sauka kuma laima ta kwaɓa ta, ƙarfen ya yi kore. Ga kuma hanyoyin ƙauyuka masu gargada, irin waɗanda ke girgiza haƙori, suna sassauta duk abin da aka cusa. A zare kowane filogi ɗaya-ɗaya, a duba ko wani tsinke ya lanƙwashe ko ya koma ciki, a goge da busasshen burushi, a mayar har ya zauna. A kula sosai da mahaɗan wayoyi uku masu kauri. In robarsu ta yi baƙi ko ta narke, alama ce sun yi sako-sako suna zafi, kuma irin wannan yana sa keke karkarwa daidai da yadda mataccen inji zai yi. A yanke a sake haɗawa da dalma a rufe da kyau.

Birki maganarsa gajeriya ce, amma ya sha kunyata manyan fitoci. A gindin kowane hannun birki akwai ɗan makunni da ke gaya wa kwantirola ta yanke wuta. In keke ya faɗi hannun ya lanƙwashe, ko ƙura ta hana shi komawa mazauninsa, kwantirola za ta ɗauka har yanzu ana riƙe da birki, ta ƙi ba da wuta har abada. A zare filogin birkin duka biyu a murɗa totur. In ƙafa ta juya, shi ke nan. Wasu kekunan ma suna da irin wannan makunni a jak.

Totur wayoyi uku gare shi, ja da baƙa da ta ukun mai kai saƙo, koriya ko fara. A bar filogi a jone, a kunna keke, a zura allura ta bayan filogin don tsinken mita ya samu wurin taɓawa, a kula kada allurai biyu su haɗu. Tsakanin ja da baƙa a ga kusan bolt 5. Tsakanin baƙa da ta saƙo a ga wajen 0.8 in ba a murɗa ba, ta riƙa hawa a hankali har wajen 4 in an murɗa duka. In biyar ɗin tana nan amma saƙo ba ya motsi, totur ya mutu, kuma shi ne mafi arha a cikin kayan. In biyar ɗin ce babu, ko dai kwantirola ta daina bayarwa, ko wani abu yana shanye ta. A zare totur da filogin sensar inji da na sensar feda ɗaya bayan ɗaya ana kallon mita. Wanda aka zare biyar ta dawo, shi ne mai laifin.

Yanzu mun iso kwantirola, kuma akwai gwajin da ko mita ba ya so. A kashe keke a juya ƙafar baya da hannu, gaba da baya. In ta yi nauyi tana tirjewa gif-gif kamar ana riƙe ta, a zare wayoyi uku masu kauri daga kwantirola, a raba bakunansu, a sake juyawa. Ta saki? To kwantirola ce ta ƙone: ɗaya daga cikin ƙananan makunnan da ke cikinta ya narke ya haɗe hanya. Ba ta saki ba? To haɗewar tana cikin kebur ɗin inji ko cikin injin kansa. A kuma sansana akwatin, don ƙaurin kwantirolar da ta ƙone ba ya ɓuya. Kafin a taɓa cikinta a cire batir, a kunna makulli na ɗan lokaci don ragowar wutar da ta adana ta zube.

Kebur ɗin inji ya cancanci a tsuguna a dube shi da fitila. Yana fitowa ne ta cikin ramin aksul, a wurin da ƙarfe ke da kaifi, kuma wurin ne ke fara dukan ƙasa in keke ya faɗi. Akwai kuma wata ɓarna da masu faci ke yi ba da sani ba. Aksul ɗin inji ba zagayayye ba ne, an shafe gefensa biyu, kuma akwai wasu washa masu ɗan harshe da ke kama shi da firam don kada ya juya. Mai faci ya cire ƙafa, ya mayar, ya manta washa ɗaya a ƙasa ko bai ɗaure noti sosai ba. Ranar da aka murɗa totur da kaya, maimakon ƙafa ta juya sai aksul ya juya a mazauninsa, ya nannaɗe kebur ya murɗe shi kamar wuyan kaza. Daga waje roba tana iya zama lafiya alhali siraran wayoyin ciki sun tsinke. A ɗaga ƙafa, a murɗa totur kaɗan, a riƙa motsa kebur da yatsa. In inji yana kamawa yana saki, an gano wurin. In an zo mayarwa, a sa kebur ya fito ta ƙasa ya yi ɗan lanƙwasa kafin ya hau, don ruwan sama ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi shi ya shiga ciki.

Sai yanzu za a tambayi injin kansa, kuma har yanzu ba a buɗe shi ba. Wayoyi uku masu kauri suna zare. A haɗa bakin rawaya da koriya a juya ƙafa: za ta yi nauyi tana tirjewa. A saki, a haɗa koriya da shuɗiya, sannan shuɗiya da rawaya. Nauyin ya zama iri ɗaya a duka ukun. In wani haɗi bai kawo nauyi ba, waya ta tsinke a wannan layi. A lura da abu ɗaya: in injin mai giya ne, wato ƙaramin nan marar nauyi da ƙafarsa ke juyawa gaba sakayau, baya za a juya shi, domin kulocin da ke ciki ba ya kama inji in an juya gaba. Wanda bai san wannan ba zai yanke wa lafiyayyen inji hukuncin kisa. Daga nan a sa mita a awon tirjiya. Tsakanin kowace waya biyu lamba ƙarama ce, ƙasa da om 1, kuma kusan ɗaya a duka. Tsakanin kowace waya da ƙarfen aksul kuwa kada mita ta nuna komai. In ta nuna lamba, naɗin ya ƙone ya taɓa jiki.

Sensa ake gwadawa a ƙarshe. A mayar da filoginsu mai wayoyi biyar, a kunna keke. Ja da baƙa su ba da kusan biyar. A bar baƙin tsinke a baƙar waya, a ɗora ja a siririyar rawaya, wani ya riƙa juya ƙafa baya sannu-sannu, kamar mai tankaɗe. Lamba za ta riƙa tsalle tsakanin kusan sifiri da kusan biyar. A yi wa koriya haka, a yi wa shuɗiya. Wadda ta kafe a lamba ɗaya, sensarta ta mutu ko wayarta ta tsinke a hanya. Abin da ke kashe su zafi ne da ruwa. Kowace ba ta kai ƙwayar wake ba, da yawa an rubuta musu 41F, kuma mai gyaran waya mai nutsuwar hannu zai iya canza su. Tunda an buɗe, a canza ukun, a kuma lura da fuskar da kowace ke kallo kafin a cire ta. Wanda ba ya son buɗewa yana da wata mafita: akwai kwantirolar da ke aiki ba sensa. Keke zai tafi, sai dai tashinsa da ɗan gargada, gara a taka feda sau biyu kafin a murɗa.

In dole sai an buɗe, a yi wa murfi da jiki alama da ƙusa don a mayar yadda yake, a shimfiɗa tsumma mai tsabta nesa da inda ake walda, domin maganaɗisu yana tsince duk garin ƙarfen da ke kusa. A babban inji marar giya a yi hattara da yatsu wajen mayar da ciki, yana fizga da ƙarfin da zai iya datse farce. Ido zai faɗi sauran. Naɗi mai lafiya launin jan ƙarfe ne mai sheƙi, wanda ya ƙone baƙi ne yana wari. Tsatsa da ruwa ja alama ce an ratsa rafi da shi ko an wanke shi da famfo mai ƙarfi. A goge, a shanya, a canza boris in yana gurnani. A inji mai giya za a ga ƙananan giya uku na roba mai tauri suna zagaye ta tsakiya. In haƙoransu sun zube, ko kuloci yana zamewa ta kowane ɓangare, dalilin kukan banza ke nan. Ana sayar da su a haɗe, a ƙirga haƙoran a auna faɗin kafin a aika, a shafa giris kaɗan. Wani ƙaran ma ba daga ciki yake ba, ƙarafan da ke riƙe da gargare ne suka saki, a ɗaɗɗaure su.

Naɗin da ya ƙone ana iya sake shi, masu naɗin fanka da injin famfo sun san aikin, in sun ƙirga zagayen da kaurin wayar yadda suka tarar. Amma a tambayi abin da ya ƙona shi, in ba haka ba zai sake. Injin da aka rubuta wa wat 250 ko 350 an yi shi ne don mutum ɗaya da ɗan kaya. In aka ɗora masa buhun waken soya da mutum biyu, aka shiga yashi ko hawa, ƙafa tana juyawa da ƙyar, totur kuma a murɗe har ƙarshe, kwantirola tana tura duk abin da take da shi, amma kaɗan ne ke zama tafiya, sauran zafi ne. Zafin kuma ba ya hawa daidai da wuta: in wuta ta ninka biyu, shi sau huɗu yake ninkawa. Maganaɗisun da aka fi sa wa waɗannan injuna yana fara rasa ƙarfinsa in ya wuce digiri 80, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Irin wannan inji yana gudu a sama in an ɗaga ƙafa, amma a ƙasa ba ya da ƙarfin jan komai. Ma'auni mai sauƙi shi ne tafin hannu: in ba a iya ɗora shi a murfin inji a ƙirga biyar ba, a tsaya a gindin kaɗanya a sha ruwa. Babur mai ƙafa uku aka yi wa buhu, feda kuma ba ado aka sa ta ba, a taimaka wa inji da ita a hawa da wajen tashi.

Saura aike. In kwantirola za a sayo, a ɗauki hoton takardar da ke manne a jikinta da hoton filoginta duka, a tura wa mai saye ta WhatsApp. Bolt ya zama ɗaya da na batir, amfiya kada ta wuce ta tsohuwar da yawa don kada ta fi ƙarfin inji da batir, a kuma duba ko an rubuta 60 ko 120, wato yadda aka jera sensa a cikin injin. In ta iso aka haɗa launi da launi amma ƙafa na karkarwa ko tana juyawa baya, ba lalatacciya aka aiko ba. Masana'antun Sin ba su haɗu a kan launi ɗaya ba. Tsakanin wayoyi uku masu kauri da sirara uku akwai haɗi 36 da za a iya yi, kaɗan ne daidai. Sa'a ita ce yawancin sababbin kwantirola suna da wasu fararen wayoyi biyu na koyo. A ɗaga ƙafa, a haɗa su, a kunna, ƙafa za ta fara juyawa da kanta. In gaba take yi a raba su, an gama, in baya take yi a raba a sake haɗawa. Wadda ba ta da su, sai a ɗauki takarda da biro, a riƙa sauya waya biyu-biyu ana rubuta abin da aka gwada, ana murɗa totur kaɗan-kaɗan, hannu ɗaya a kan kwantirola yana jin zafinta. Haɗin da ya yi daidai ana gane shi da kunne: ƙafa tana tashi sumul daga tsaye ba tare da an tura ta ba, ƙaranta siriri ne, wayoyi kuma suna nan da sanyinsu bayan minti biyu.

Tsohuwar kwantirola da mataccen totur kada a jefar. A yanke filoginsu da wayoyinsu a adana a gwangwani, domin keke na gaba da za a turo shagon, wataƙila filogi ɗaya kawai yake nema, kuma motar Yendi sai gobe.